Aku a Ɗakin Ƙorafi

Mahaifinta ne ya laƙaba mata Aku tun tana ƙarama, kuma wallahi bai zalunce ta ba. Inna takan ce ita dai ba ta tuna ranar da yarinyar nan ta fara magana ba, abin da ta sani shi ne ba ta taɓa dainawa ba. A makaranta an sha sauya mata benci, duk inda aka kai ta can surutun ajin yake komawa. Da ta yi aure, dangin miji suka zo ganin amarya da niyyar su lallashe ta ta buɗe baki, ƙarshenta su ne suka riƙa neman hanyar tashi. Mijin nata direban bas ne mai nauyin baki, "to" da "madalla" sun ishe shi wuni guda. Yakan ce shi bai taɓa sayen rediyo ba, Allah ya hore masa wanda ba ya cin batir.

Kada a yi mata sharri, ba muguwa ba ce. Ba ta ƙirƙirar ƙarya, ba ta haɗa faɗa. Matsalar dai labari ba ya kwana a cikinta. In ta ji abu da safe, kafin azahar ya dame ta, sai ta sauke shi a kan wanda ya fara cin karo da ita. Gaisuwarta kaɗai aiki ce. Za ta tambayi gida, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi ciwon gwiwar surukarka da kai kanka ka manta da shi. Mai sauri in ya hango ta sai ya sauya layi.

Shekara da shekaru tana teburin karɓar baƙi a ofishin ƙaramar hukuma, tana nuna wa mutane ƙofa: lasisi a sama, takardar haihuwa a ƙarshen baranda, kusa da famfon da ba ya rufuwa. Da tsohon da ke karɓar ƙorafin jama'a ya yi ritaya, Sakatare ya kira ta ya ce ita za ta gaje shi. Ranar har masinjoji sai da suka nemi wurin zama don dariya. Aku? A ɗakin sirri?

Sakatare bai yi dariya ba. Ya ce tsohon nan fuskarsa kaɗai ta ishi mai ƙorafi ya koma gida, shi ya sa ɗakin ya zama kufai. "Ke kuwa mutane na buɗe miki ciki. Amma ki saurare ni da kyau. Abin da ya shiga ɗakin nan, daga ke sai ni sai kwamiti. Ma'aikacin da aka kawo ƙararsa za a gaya masa abin da aka ce ya yi, ba za a gaya masa wanda ya faɗa ba. Ko shugaban ƙaramar hukuma ne ya tambaye ki suna, ki turo mini shi."

"Yallaɓai, ni fa ka sani..."

"Na sani. Shi ya sa nake maimaitawa."

Ɗakin ɗan tsukut ne a bayan matattakala, kujeru biyu da tebur, da fanka mai kuka in ta juya hagu. Tagarsa na kallon filin da ake jibge matattun motocin hukuma. Nan Aku ta koyi abin da ba ta taɓa zaton za ta iya ba. Ta riƙa cika jaka da cingam, in labari ya taso mata sai ta jefa ɗaya a baki ta tauna har muƙamuƙi ya gaji. Abin ya zo mata da sauƙi da fari, don yawancin masu zuwa baƙi ne, ƙorafinsu kuma motar shara da ba ta zuwa ko akawun da ya daka musu tsawa. Har ta fara taƙama a ranta cewa ashe riƙe sirri ba wani abin a zo a gani ba ne.

Sai wata safiya da ake tafka ruwa, labule ya ɗaga, mai ɗinkin layinsu Inna ta leƙo, mayafinta sharkaf. Aku ta san ta farin sani. Shagonta na kusa da gidan da Aku ta tashi, ita ke ɗinka wa Inna da jikoki, mace ce mai kawaici, da 'yan mata biyu masu koyon aiki a hannunta. Tana ganin wadda ke zaune a teburin ta ja da baya.

"Yi haƙuri, Anti, na yi ɓatan ƙofa."

"Ɓatan ƙofa a cikin wannan ruwa? Shigo ki zauna, ƙanwata."

Ta shigo, amma a bakin kujera ta ɗosana. Ta daɗe tana matse gefen mayafi kafin ta ce, "Ban san ke ce a nan ba. Da na sani da ban zo ba. A kan Auta ne."

Auta ƙanen Aku ne, na ƙarshe a ɗakinsu, ita ta goya shi. Duba-gari ne a sashen tsafta, shi ke zagaya shagunan yankin, yana da ikon ya sa a garƙame wanda ya ga dama. Aku ta ji cingam ɗin bakinta ya koma kamar roba, ta cire shi ta naɗe a takarda, ta ce tana ji.

Mai ɗinkin ta yi magana idonta a kan tebur. Ta ce babu shagon da Auta ke zuwa dubawa kamar nata, kuma ba ya zuwa sai ya ga babu mai kawo ɗinki. Ya tsaya a bayanta tana kan keke, kusa fiye da yadda ya kamata, yana faɗin maganganun da ba za ta iya maimaitawa ba. Rannan har ƙofa ya tura. Da ta ce ya fita, ya yi murmushi ya ce kwatar gaban shagon nan kaɗai ta isa a rufe shi. Ta ce duk wannan ta haɗiye. Abin da ya taso ta yau shi ne ya fara yi wa ƙaramar yarinyar da ke koyon aiki, 'yar mutane da aka ba ta amana.

"Maigidana a wani gari yake aiki," in ji ta. "Da ƙyar ya bar ni na buɗe shagon nan, 'yan uwansa har yau ba sa so. Ranar da ya ji wani namiji na tsaya mini a kai, ba zai tambayi laifin wa ba. Cewa zai yi in kwaso keke in dawo gida." Sai a lokacin ta ɗago ido. "Kuma Anti, kada ki ji haushi, kowa ya san bakinki."

Maganar ta soki Aku, don gaskiya ce. Kunya da takaici suka rufe ta, kunyar ɗan da ta goya da takaicin kanta. Ta dafa ƙirji ta ce, "Sunanki ba zai fita daga bakin nan ba. Ko Inna ce ta tambaya."

Ta rubuta abin da aka faɗa, ta haura sama ta miƙa wa Sakatare, ta gaya masa ƙanenta ne, a cire hannunta daga maganar. Ya ce hannu kam ya fita, amma kunne ya riga ya ji, sai ta san yadda za ta yi da shi.

Ba a daɗe ba aka dakatar da Auta daga aiki har kwamiti ya gama bincike. Daga nan Aku ba ta sake samun sukuni ba.

Shi ya fara zuwa, da rana tsaka, ya same ta tana tsince shinkafa a tsakar gida. Ko zama bai yi ba. "Yaya, waye?"

"Waye me?"

"Haba Yaya! Ta ɗakinki takardar ta bi. Shaguna nawa ne a hannuna? Kowa na gani sai in ce shi ne. Suna kawai nake so, ba abin da zan yi."

"In ba abin da za ka yi, me za ka yi da sunan?" Ta ajiye faranti. "Ni ma ina da tambaya. Abin da aka ce ka yi, ka yi?"

Ya kawar da kai ya ce sharrin maƙiya ne. Ta san wannan kawar da kan tun yana satar sukari a kantar Inna.

Bayansa sai matarsa, wadda har yau gidan ke kira Amarya duk da 'ya'yan da ta tara. Ita ba ta tambaya kai tsaye, ta fi ƙarfin haka. Ta zauna ta taya Aku wanke-wanke, tana jefa sunaye ɗaya-ɗaya cikin hira, mai gyaran waya, mai wanki da guga, matar mai kanti, tana kallon fuskar Aku ta gefen ido. Aku ta sunkuyar da kai a kan tukunya tana gogewa har gindinta ya yi ƙyalli. Sai kuma Inna a waya, muryarta a raunane: "Ke da ba a tambayarki kike faɗa, yau ɗan uwanki ne a cikin wahala kika zama bebiya? Nonon da kuka sha ɗaya ne fa."

Wannan ta fi ciwo. Aku ta ajiye wayar ta shiga ɗaki ta fito, ta sake shiga, ta rasa abin da ta je ɗauka.

Ta gano cewa ba ta iya hira rabi-rabi ba. In ta fara zancen tsadar gawayi, sai ta tsinci kanta a layinsu Inna, daga layin sai shaguna, daga shaguna sai ta ji sunan ya taho har bakin haƙori. Don haka ta daina hirar gaba ɗaya. Ta share gidan da aka riga aka share. Ta kwance labulen falo ta wanke ta mayar, ta sake kwancewa wai bai fita ba. A ofis ta kasa zama, ta riƙa zagaya baranda, in an tare ta da gaisuwa ta amsa a gajarce ta wuce, har aka fara tambaya ko ba ta da lafiya. Ta daina bi ta gaban shagon ɗinkin, in za ta gaida Inna sai ta zagaya ta bayan makaranta. Mijinta ya dawo daga aiki wata rana ya tsaya a ƙofa yana sauraro, ya ce gidan kamar an ɗauke wuta.

"Ka tambaye ni mana," ta ce da shi a fusace. "Kowa ya tambaya, kai ba za ka tambaya ba?"

"In na tambaya za ki faɗa?"

"A'a."

"To, madalla," in ji shi, ya nemi ruwan wanka.

Ta riƙe. Wannan kam a rubuta mata. Mako ya bi mako, Inna ta yi fushi ta huce ta sake yi, Auta ya daina gaishe ta, Amarya ta ƙare sunayen da ta sani ta koma farko, Aku ba ta ce uffan ba. Har ta fara jin wani irin alfahari mai ɗaci.

Ana cikin haka jinin Inna ya hau, aka kwantar da ita, aka sallamo ta. Ranar hutu da hantsi ɗakinta ya cika da masu dubiya. Takalma sun tushe ƙofa, mata a kan tabarma da gefen gado, Amarya na zuba shayi, Auta daga waje a kan benci yana amsa gaisuwar maza. Aku na gindin gadon tana matsa wa Inna ƙafa. Ganin tsohuwar ta tashi zaune har tana tsokanar jikoki ya sa wani abu ya kwance a ƙirjinta, bakinta ya ɗan saki a karo na farko. Ta ba da labarin ma'aikaciyar jinyar da ta nemi jijiya a hannun Inna ta rasa, ɗakin ya kwashe da dariya, Inna ta ce alhamdu lillahi, rediyonta ya dawo.

Daidai nan mai ɗinkin ta yi sallama. Dole ta zo, maƙwabciya ce, rashin zuwanta ma abin magana ne. Ta durƙusa ta gaida Inna, ta yi mata ya jiki, ta juyo ta ce, "Anti, ina kwana."

Rabon da su haɗu tun safiyar ruwan nan. Bakin Aku kuwa a buɗe yake, gaisuwa na zuba da kanta yadda ta saba tun tana yarinya. "Lafiya lau, ƙanwata. Ya gida, ya yara, ya aiki? Ya labarin maigidan? Rannan dai kin isa gida lafiya ko? Ruwan nan bai..."

Ta ji abin da ta faɗa bayan ya riga ya fita. Tambayar da ake yi wa wanda ya zo wurinka ya tafi. Ba komai ba ce, ana yin ta kullum, rabin matan ɗakin ko ji ba su yi ba. Amma butar shayin da ke hannun Amarya ta tsaya.

"Au, ashe kun haɗu?" in ji Amarya, murya a sake. "Ni na zaci Yaya ta daina bin layin nan. A ina?"

"Kasuwa," in ji Aku.

"Asibiti," in ji mai ɗinkin, a lokaci guda.

Aku ta faɗa cikin magana kamar wadda ta faɗa rijiya tana neman abin kamawa. Ta ce ai kasuwar bakin asibiti take nufi, wajen masu lemo, kai ita ma kanta ya tsufa, ranar ma ba ruwa aka yi ba, iska ce, ta jawo labarin wata mai lemo da mijinta, ta yi dariya ita kaɗai. Amarya ba ta katse ta ba. Ta gama cika kofin, ta miƙa wa mai ɗinkin da hannu biyu ta ce, "Bismillah, maƙwabciya," sannan ta ɗauki butar ta fita waje wai za ta ƙaro ruwan zafi. Ta taga Aku ta ga ta sunkuya kusa da bencin Auta.

Mai ɗinkin ba ta sha shayin ba. Ta yi wa Inna Allah ya ƙara sauƙi, ta nemi takalmanta a cikin tarin, ta tafi.

Auta bai je shagon ba, bai ma buƙaci zuwa ba. Amarya ce ta yi aikin, a bakin famfo da wajen niƙa, kuma ba ta ce an kai ƙara ba. Cewa ta yi akwai matan da mazansu ba sa gari, su ja namiji da fara'a, in bai biye musu ba su bi shi da sharri. Ba ta kama suna ba, ta dai ce Allah ya shirya masu keke. Kafin mako ya zagayo maganar ta isa kunnen dangin mijin mai ɗinkin, daga can ta hau waya zuwa gare shi.

Aku ta haura wurin Sakatare ta gaya masa yadda aka yi, kalma da kalma. Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce binciken na nan, ba zai tsaya ba, kuma za a ƙara wa Auta da wannan. Ita kuma ta koma teburin baƙi kafin a ga abin da kwamiti zai ce. Ta ce ba kujerar ce ta dame ta ba, shagon fa? Ya ce hukuma na da iko a kan ma'aikacinta, ba ta da iko a kan mijin wata.

Ta fito ba ta koma teburin ba. Ta ɗauki jaka ta hau mota, ta sauka a bakin layin, ta bi ta gaban shagon, hanyar da ta daɗe tana gudu.

Ƙofar a buɗe take, amma an sauke allon da ke sama. Wata 'yar motar ɗaukar kaya na tsaye, an riga an ɗora teburin yanka da madubi. Wani mutum mai kama da mijin, ƙila wansa ne, yana tsaye yana nuna wa direba inda za a sa keken. A ciki mai ɗinkin na durƙushe tana ware yadukan mutane, kowanne da ɗan ƙyallen da aka ɗaure masa, wanda aka gama da wanda ba a taɓa ba. 'Yan matan biyu ba sa nan.

Aku ta tsaya a bakin ƙofa. Tun a mota take shirya abin da za ta ce, cewa ba ta faɗi sunan ba, Allah ya sani, ta riƙe har ta kusa zaucewa, ta ɓata da uwarta da ƙanenta a kai. Duk gaskiya ne. Ta buɗe baki ta ga babu ko ɗaya da za a iya faɗa a cikin ɗakin nan. Ko sannu da aiki ta kasa.

Mai ɗinkin ta ɗago ta gan ta. Ba ta yi tsawa ba, da ma ba mai tsawa ba ce. Ta laluba cikin tarin ta zaro wata leda ta miƙo.

"Na Inna ne. Ban samu na sa hannun rigar ba, sai ku kai wani wurin."

Aku ta karɓa. "Ƙanwata..."

"Kin tambaye ni ko na isa gida lafiya, ban amsa miki ba." Ta koma kan yadukan tana ninkewa. "Rannan kam lafiya lau na isa, Anti. Yau ne ban sani ba."

Daga waje mutumin ya ƙwala kira, ya ce a yi sauri, direba na da wani aikin.